Asalin kalmar "epiphany": yadda sunan idin Kirista ya koma fahimtar farat ɗaya

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. Na sha jin Turawa suna cewa "I had an epiphany" idan wani abu ya waye musu farat ɗaya. Da na buɗe ƙamus sai na tarar ma'anar da aka fara kawowa wani idin Kirista ne na ranar 6 ga Janairu. Me ya haɗa waɗannan biyun? Kuma ɗaya take da "eureka"?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara basira. Kalma ɗaya ce, ba wasu biyu ba ne da suka yi kamannin sauti. Mafarinta Girkanci, kuma abin da take nufi tun can shi ne bayyanar abin da ido bai gani ba a da. Idin da ka gani a ƙamus ya girmi ma'anar da ka saba ji da shekaru sama da 1,500, shi ya sa aka sa shi gaba. Ita kuwa ma'anar fahimtar farat ɗaya jiya-jiyan nan ta samu gindin zama. Ba ta shiga bakin jama'a ba sai bayan 1944, har ma ana iya ɗaga littafin da ya buɗe mata ƙofa a ce ga shi nan. Game da eureka, suna maƙwabtaka amma ba ɗaya suke ba, zan zo kan wannan.

A Girkanci ana cewa epiphaneia, kuma gida biyu ta kasu. Na farko ɗafa-goshi ne, epi, mai nufin "a kan" ko "zuwa ga". Shi ne a farkon epidemic, wato abin da ya auka kan jama'a, da epitaph, rubutun kan kabari. Na biyu aikatau ne, phainein, wato a nuna, a fito da abu fili, a haska shi. Idan aka juya shi ya koma kan abin da kansa sai ya zama phainesthai, ya bayyana, ya fito. Masana tarihin harsuna sun bi wannan aikatau har zuwa wata tsohuwar saiwa ta harsunan Indiya da Turai wadda suke rubutawa bha, mai nufin haskakawa. A harshen Sanskirit na Indiya bhati yana nufin yana haske. Daga saiwar nan Girkawa suka samu phos, haske, wadda ta haifi photograph a Turanci, mu kuma muka gutsuro ta muka ce hoto. Ka ga ke nan hoton da ke cikin wayarka da wannan kalma da ta ɗaure maka kai 'yan dangi ɗaya ne. Haka fanus na Larabawa, fitilar da Misirawa ke ratayawa a watan azumi, aro ne daga phanos na Girkanci. A Turanci kuwa zuriyar tana da yawa: phenomenon, abin da ya bayyana, phantom, fatalwa, abin da ya yi wa ido gizo, fantasy, phase, emphasis, duk gida ɗaya suka fito.

Tun da aji kake shiga, ga wani abu da zai yi wa ɗalibanka amfani. Harafin Girkanci da ake kira phi, a zamanin da ana furta shi ne kamar "p" mai ɗan huci, shi ya sa Rumawa da suka zo rubuta shi da baƙaƙensu suka haɗa p da h. Daga baya furucin ya koma "f", amma Faransanci da Turanci suka riƙe tsohon rubutu, alhali mutanen Italiya suka sauƙaƙa wa kansu suna rubuta epifania. Wannan kalma tana gwada harshen Bahaushe sosai, domin tana ɗauke da p da f a jere, mu kuma sautinmu na "f" yana tsakanin su biyun ne. Gaɓa huɗu ce, i-pi-fa-ni, nauyin yana kan ta biyu. A ta biyun leɓe biyu ke haɗuwa su buɗe, a ta ukun haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa.

Kafin addini ya riƙe ta, kalma ce ta yau da kullum. Masanin tarihi Polybius, a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi amfani da ita wajen ketowar alfijir, ya kuma yi amfani da ita wajen ɓullowar rundunar abokan gaba ba zato. Euclid, wanda ya koyar da lissafi a Iskandariya wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da ya zo bayyana abin da ke da tsawo da faɗi kawai ba kauri, epiphaneia ya kira shi, wato fuskar abu, ɓangaren da ido ke sauka a kai. Har yau Bagirke in zai ce saman tebur ko saman ruwa da wannan kalma zai faɗa. Lura da abin da ya haɗa alfijir da mayaƙa da fuskar tebur: a duka ukun abin ne ke fitowa ya tsaya a gaban mai kallo. Mai kallo bai yi wani aiki ba. Riƙe wannan, don shi ne kan maganar gaba ɗaya.

Sai Girkawa suka ware ta ga lokacin da, a bisa imaninsu, ɗaya daga cikin allolinsu ya nuna kansa don ya ceci mutanensa. Akwai wani dogon allon dutse da aka sassaƙa a garin Lindos na tsibirin Rhodes a shekara ta 99 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu yana gidan tarihi a Kofanhegan. An jera kyaututtukan da aka kai ɗakin bautar Athena, ɗaya daga cikin allolinsu, sannan aka buɗe wani sashe mai taken epiphaneiai, jam'in kalmar tamu. Labarin farko a sashen ya ce sojojin Farisa ƙarƙashin wani kwamanda mai suna Datis sun yi wa garin ƙawanya, mutane suka tattare a kan tudu, ruwan sha ya kusa ƙarewa har suna shirin miƙa wuya. Sai Athena ta zo wa ɗaya daga cikin shugabannin garin a mafarki ta ce su daure, za ta roƙa musu ruwa wajen mahaifinta. Suka auna ruwan da ya rage, na kwana biyar ne, suka nemi Datis ya ba su wa'adin kwana biyar, in taimako bai zo ba su sallama. Ya yi dariya. Kashegari hadari ya haɗu a kan tudun, aka sheƙa musu ruwa, su kuwa masu ƙawanyar suka zauna da ƙishi. Wannan shi ne epiphany a kunnen Bagirke na wancan zamani: abu daga waje, a lokacin ƙunci, kowa ya gani da idonsa.

Sarakuna ba su bar ta ta wuce su ba. Bayan mutuwar Iskandar Mai Girma, waɗanda suka gaje daularsa sun riƙa laƙaba wa kansu Epiphanes, wato abin bauta da ya bayyana a fili. Ptolemy na Biyar na Masar yana da wannan laƙabi, kuma yana nan rubuce a jikin Dutsen Rosetta, dokar da aka sassaƙa a shekara ta 196 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda da ita aka warware rubutun Fir'aunoni. Wanda ya fi shahara da shi shi ne Antiochus na Huɗu, da ya mulki Siriya daga 175 zuwa 164, wanda ya keta alfarmar ɗakin ibadar Yahudawa a Kudus har Yahudawa ƙarƙashin jagorancin gidan Makabiyawa suka yi masa tawaye. Ya buga laƙabin a jikin kuɗinsa, aka kuma sauya wa garin Hama suna zuwa Epiphaneia saboda shi. Polybius ya ruwaito cewa saboda halayensa an riƙa sauya harafi ana kiransa Epimanes, mahaukaci.

A Sabon Alkawari, wanda da Girkanci aka rubuta shi, kalmar ta zo sau 6, dukkansu a wasiƙun da ake dangantawa da Bulus: sau ɗaya a wasiƙa ta biyu zuwa ga Tasalonikawa, sauran a wasiƙun Timoti da Titus. Biyar daga ciki suna magana ne kan dawowar Almasihu a ƙarshen zamani, ɗaya kuma kan zuwansa na farko. Mutane da yawa ba su san cewa a babi na 2 na Linjilar Matiyu, inda labarin masana taurari daga gabas yake, wanda shi ne labarin da aka fi haɗawa da idin a yau, kalmar ba ta fito ko sau ɗaya ba. Matiyu bai ce su uku ne ba, bai kuma ce sarakuna ne ba. Kyaututtuka uku ya ambata, zinariya da lubban da mur, daga nan al'ada ta ƙirga masu kawowa.

Idin kansa daga gabas ya taso. Wajen shekara ta 200, Clement na Iskandariya ya rubuta cewa mabiya wani malami mai suna Basilides suna raya dare da karatu don tunawa da ranar da aka yi wa Almasihu baftisma, wasu a ranar 15 ga watan Tybi na Misirawa, wasu a ranar 11. Sha ɗaya ga Tybi ita ce 6 ga Janairu. Masanin tarihin Rum, Ammianus Marcellinus, kuma ya ba da labarin yadda a shekara ta 361 Julian, sarkin Rum, wanda ya riga ya bar Kiristanci a zuci amma bai so a gane ba, ya shiga coci a garin Vienne na ƙasar Faransa ta yau a ranar idin watan Janairu da Kirista ke kira Epiphania. Wannan ya nuna zuwa lokacin sunan ya kafu har a yamma. Da farko idin ya haɗa abubuwa da dama da Kirista ke ɗauka a matsayin bayyanar Almasihu ga duniya: haihuwarsa, zuwan masana taurari, baftismarsa a Kogin Urdun, da bikin auren Kana. Da Rum ta tsayar da 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwa a ƙarni na 4, sai aka raba gado. Cocin yamma ya bar wa 6 ga Janairu masana taurari, na gabas ya bar mata baftisma, ya fi kiranta Theophania, bayyanar Ubangiji. Cocin Armeniya bai yi rabon ba, har yau a 6 ga Janairu yake haɗa haihuwa da baftisma.

A nahiyarmu ma idin yana da ƙarfi. Kibɗawan Masar suna kiransa Idil Giɗas, idin nutso, kuma har yanzu 11 ga watan Tuba suke yinsa, ranar nan dai da Clement ya ambata, sai dai a kalandar da muke amfani da ita tana faɗowa 19 ga Janairu a galibin shekaru. A Habasha shi ne Timkat, inda ake fito da tabot, wato kwaikwayon Akwatin Alkawari, daga coci-coci a kai bakin ruwa a kwana ana addu'a, kuma taron Gondar a tafkin Sarki Fasilides ya fi kowanne suna. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2019. A Italiya bakin talakawa ya tauna Epifania har ta koma Befana, tsohuwar da yara ke jira ta kawo musu alewa a daren idin. Sunan mata Tiffany kuma Theophania ne da ya bi ta tsohon Faransanci, ana raɗa wa 'yan matan da aka haifa a ranar.

Ta wannan hanya ta coci kalmar ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 14, daga Latin ta biyo ta Faransanci. Ta yi shekara wajen 350 ba ta nufin komai a Ingila sai rana a kalanda, ta goma sha biyu bayan Kirsimeti. A ƙarni na 17 malaman da suka karanta Girkanci, irin su mai wa'azi Jeremy Taylor wanda ya rasu a 1667, suka dawo mata da faffaɗar ma'anarta ta bayyanar abin bauta ko ɗaukakarsa, da ƙaramin baƙi. A ƙarni na 19 aka fara fita da ita daga harabar coci. A 1838 Ba'amurke Ralph Waldo Emerson ya rubuta a kundinsa cewa kwanaki suna wucewa cike da ƙananan al'amura da ake rainawa, sai ran da hankali ya farka ya ga kowane ɗaya daga cikinsu bayyanar Ubangiji ne, kuma da wannan kalma ya faɗa. A 1840 Thomas De Quincey ya kira zamuna biyu da basirar Girkawa ta yi tashe da sunan epiphanies. Waɗannan duka amfani ne na ɗaiɗaikun masu ilimi, bai sauka kasuwa ba.

Wanda ya juya akalarta shi ne James Joyce, marubucin ƙasar Ailan, an haife shi a Dublin a 1882. Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit ne suka koyar da shi tun yana yaro har jami'a, don haka kalmomin coci a bakinsa suke ko bayan ya juya wa cocin baya. Yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka ya fara rubuta wasu 'yan gajerun abubuwa, wani bai wuce layi biyar ko goma ba, yana kiransu epiphanies. Wasu guntayen hira ne da ya tsinta a falo ko a titi, wasu mafarkai ne. Guda 40 suka tsira, suna ajiye a jami'o'in Buffalo da Cornell a Amurka, kuma lambobin da ke bayan takardun sun kai 71. Ƙanensa Stanislaus ya bayyana cewa da farko abin da yayan nasa ke farauta shi ne suɓutar baki da ƙananan motsi waɗanda mutum ke tona asirin kansa da su, ya fallasa ainihin abin da ya fi ƙoƙarin ɓoyewa.

Tsakanin 1904 da 1906 ya rubuta wani dogon ƙagaggen labari mai suna Stephen Hero, ya watsar da shi bai buga ba. A ciki ne bayanin yake. Tauraron labarin, Stephen, yana tafe a titin Eccles wata maraice mai hazo, sai ya wuce wata budurwa tsaye a matattakalar wani gidan bulo, wani saurayi ya jingina da ƙarfen shingen da ya yi tsatsa. Abin da ya shiga kunnensa guntaye ne: tana jan murya tana cewa ta je coci, saurayin ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da ba a ji ba, ita kuma ta ce masa kai dai ba ka da kirki, cikin irin muryar da ke nuna abin ya yi mata daɗi. Shi ke nan. Amma wannan 'yar hira ta soki Stephen, ya ji kamar dukan halin garinsu, da ibadarsa da kwarkwasarsa da mutuwar zuciyarsa, ya leƙo ta cikinta. Nan ya yi niyyar tara irin waɗannan lokuta a littafi, kuma marubucin ya fassara abin da yake nufi da kalmar: bayyana ta ruhi da ke zuwa kwatsam, ko ta cikin magana ko motsi maras daraja, ko ta cikin wani yanayi na zuciya da ba a mantawa.

Sai Stephen ya nuna wa abokinsa Cranly agogon da ke jikin ginin Ballast Office, ya ce ko wannan agogo yana iya yin epiphany. Zan wuce shi sau da yawa, in ji shi, in duba lokaci, in ambace shi, yana nan cikin tarkacen titin Dublin kamar kowane abu, sai wata rana in gan shi, nan take in san mene ne shi. Ya jingina wannan da sharuɗɗa uku na kyau da malamin Katolika Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya kawo: cikar abu, daidaituwar sassansa, da haskensa. Da farko ka gane abu ɗaya ne, ware daga sauran. Sannan ka ga yadda aka harhaɗa shi. A mataki na uku sai ainihinsa ya tsallako maka daga cikin suturarsa, ka ga shi ne shi, ba wani ba. Wannan na ukun ne ya kira epiphany.

Ina so ka dubi abin da Joyce ya yi da kyau, don a nan ne mutane ke gaggawa. Ya ɗauko kalmar da aka tanada wa alloli da sarakuna da Almasihu ya ɗora ta kan agogon titi da hirar saurayi da budurwa, wannan sabon abu ne. Amma bai taɓa ƙashin bayanta ba. A wurinsa agogon ne ke yin epiphany, Stephen shaida ne kawai, kamar yadda mutanen Lindos suka zama shaidun hadari. Idan kana son ɗalibanka su ga yadda abin ke aiki a labari, ba su "Araby" daga tarin gajerun labaransa Dubliners na 1914, shafi kaɗan ne. Yaro ya yi wa yarinyar da yake so alkawarin tsaraba daga wata kasuwar baje koli, kawunsa ya dawo gida a makare da kuɗin, ya isa ana rufewa, ya ji wata mai rumfa tana hirar banza da samari biyu, sai ya ga kansa yadda yake, yaron da ruɗin kansa ya ja shi. Ba wanda ya yi masa bayani. Hirar da ya tsinta ce ta nuna masa.

Abin mamaki, Joyce bai yaɗa kalmar da kansa ba. Da ya sake gina labarin ya fitar da shi a 1916 da sunan A Portrait of the Artist as a Young Man, ya bar sharuɗɗan Aquinas amma ya cire kalmar. A Ulysses na 1922 ta leƙo ne inda Stephen ke tuna ƙuruciyarsa, lokacin da yake burin in ya mutu a aika epiphanies ɗinsa manyan ɗakunan karatu na duniya. Joyce ya rasu a Zurich a Janairun 1941. Galibin abin da ya saura na rubutun hannun Stephen Hero yana Jami'ar Harvard, Theodore Spencer ya shirya shi aka buga a 1944. Manazarta adabi suka samu mabuɗin da suke nema, suka shiga buɗe labaran Joyce da shi, sannan na Virginia Woolf da Marcel Proust da sauransu. A 1971 Morris Beja ya fitar da littafi sukutum kan wannan batu. Dubban ɗalibai a Amurka da Ingila suka koyi kalmar a ajin adabi, suka fita da ita zuwa jarida da talabijin da hirar gida. A wannan tafiya ne nahawunta ya juya. Da ana cewa "the epiphany of" wani abu, wato bayyanar abin. Yanzu ana cewa "I had an epiphany", ta zama abin da mutum ke samu a cikin kansa. Ta taso daga sama ta sauko titi, daga titi ta shige ƙwaƙwalwa.

Yanzu ga eureka. Ita ma Girkanci ce, heureka, amma aikatau ce mai ɗauke da mai magana a cikinta: na samu, na gano. Daga tushenta aka sami heuristic. Labarinta na Archimedes ne na birnin Syracuse, wanda Sarki Hiero ya ba aikin gano ko maƙeri ya yi wa kambinsa na zinariya algus da azurfa, ba tare da an fasa kambin ba. Ya shiga bahon wanka, ya ga ruwa ya tumbatsa gwargwadon jikinsa, ya fito a guje yana ihun eureka. Archimedes ya mutu a 212 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma labarin bai zo a rubuce-rubucensa ba. Vitruvius, magini Barume, shi ya kawo shi wajen shekara 200 bayan haka. Galileo ma a 1586 ya nuna shakkar cewa awon ruwan da ya zube zai iya kama irin wannan algus, ya ce da sikeli a cikin ruwa aka fi dacewa a yi. Ko ma yaya aka yi, kalmar ta zauna, har jihar Kalifoniya ta sa ta a hatiminta a 1849, zamanin tururuwar neman zinariya.

Bambancin yana nan a fili. Mai eureka yana da tambaya a hannu, ya san abin da yake nema, ya samu, kuma shi ne mai aikin. Mai epiphany sau da yawa bai san akwai tambaya ba sai da amsar ta tsaya a gabansa. Kamar daren duban wata ne: wanda ya fita da niyya ya tsura wa yamma ido zai ce "na gan shi", amma jama'a cewa suke "wata ya tsaya", su ba watan aikin. Eureka ta fi zama a kimiyya da warware matsala, epiphany ta fi zama a abin da ya shafi rayuwar mutum, ya gane aikin da yake yi ba nasa ba ne, ko ya fahimci dalilin wani hali na mahaifinsa bayan shekaru. Akwai inda suke haɗuwa. Masanin lissafin Faransa Henri Poincaré ya ba da labari a 1908 cewa ya sha fama da wata mas'ala, ya ajiye ta ya bi wata tawagar duba duwatsu, yana ɗora ƙafa a matakin keken dokin haya a garin Coutances sai amsar ta faɗo masa, ba ya ko tunaninta. Nema ya riga ya gabata, amma isowar ba da izininsa ba ce.

A ra'ayina kalmar ta yi asarar nauyi a bakin Turawan yau, kuma abin yana damuna, domin babu wata da za ta maye gurbinta in ta lalace. Za ka ji mutum ya ce ya samu epiphany cewa ya kamata ya riƙa kwanciya da wuri. Wannan shawara ce ya yanke, ko tunani ne ya zo masa, idea ko realization sun ishe shi. Marubutan kansu sun koka: a 1997 Charles Baxter ya fitar da maƙala mai suna "Against Epiphanies" yana sukar yadda gajerun labaran Amurka suka koma kowanne sai ya ƙare da tauraro ya gane wata gaskiya. Ka koya wa ɗalibanka su ajiye ta sai inda sharuɗɗa uku suka cika: abin ya zo kwatsam, wani ƙaramin abu na waje ne ya tayar da shi, kuma bayan ya zo mutum ba ya iya komawa ganin al'amarin yadda yake gani a da. Ka nuna musu kuma cewa idin da babban baƙi ake rubuta shi, Epiphany, fahimtar kuwa da ƙarami, tana karɓar "an" a gabanta, jam'inta epiphanies.

In ɗalibi ya ce ka faɗa masa da Hausa, ka guji "wahayi". Na ga masu fassara suna kai hannu gare ta saboda ƙamshin addini da ke jikin kalmar Turancin, amma wahayi na annabawa ne, saƙo ne da ake aikowa, kuma mai karatu Bahaushe zai ɗauke shi da wannan nauyin. "Ilhama" ta fi kusa, sai dai ita tana nuni ga abin da aka jefa a zuciya, ba lallai wani abu na waje ya tayar da shi ba. Wanda ya yi karatun Larabci zai tuna da tajalli, kalmar da ta zo a aya ta 143 ta Suratul A'araf game da Annabi Musa (AS) da dutse, wadda malaman tasawwufi suka faɗaɗa. Ba ta da dangantakar asali da kalmar Girkancin, kuma ta dace da tsohuwar ma'anar ne, ba ta yau ba. Ga idin, "Idin Bayyana" ya wadatar. Ga ma'anar yau, kada ka wahalar da kanka neman suna guda, domin Hausa da aikatau take wannan aiki: abin ya waye masa, idonsa ya buɗe, sai a lokacin ya farga. Jimlar da ka kawo a tambayarka, in mutum ya faɗe ta game da mahaifinsa misali, za ta fito haka: "Ina tsaye ina kallon yadda yake lissafa kuɗin cefane, sai kawai abin ya waye mini, ashe duk shekarun nan tsoron talauci ne ke sa shi faɗa." Wannan "ashe" ita ke ɗauke da zuwan abin kwatsam da kuma cewa yana nan tun da can ba a gani ba, don haka in ka sa ta ba ka buƙatar ƙara komai.